Baba Buraima da Ledar Sabuwa

Idan aka sallame sallar Asuba a ƙaramin masallacin da ke bayan layin masu ɗinkin labule a unguwar Shumaisi, kowa kan koma gida ya ɗan rintsa kafin rana ta fara dukan Riyad. Ban da Baba Buraima. Shi daga masallaci sai bakin tandar mai tamis, ya karɓi gurasarsa da zafinta, ya tsuguna a gefen titi ya haɗa da wake da shayi, yana ci yana mita. Mitar nan ba ta da ranar hutu. Yau shayin ya huce, gobe ya ƙona masa harshe, jibi kofin ne aka rage wa girma. Mai tandar ya daɗe da daina tanka masa, sai dai ya ƙara masa rabin gurasa ya juya ga wutarsa.

Daga nan sai ya saɓi jakarsa. Duk wanda ya taɓa leƙa jakar nan ya san ba abin burgewa a ciki: tsohon dutsen guga da aka naɗe wayarsa da salatif, wuƙa, wani faffaɗan ƙarfe na kankare gam da ya sha wasawa har ya yi siriri, sai silifa guda biyu da ya huda ya zura musu igiya yana ɗaurawa a gwiwa. Da waɗannan ya ci shekara talatin da ɗoriya a durƙushe cikin ɗakunan mutane.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Wasu daga cikin tsofaffin gidajen Shumaisi da Badi'a, waɗanda aka gina lokacin da arziki ya fara buɗe wa masu ƙasar, an yi musu daɓen katako: ƙananan guntaye, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, an jera su a karkace suna cizon juna kamar saƙar tabarma. Da masu gidajen suka koma sababbin unguwanni, 'yan haya suka shigo, sai aka bi katakon da leda aka lulluɓe. Aikin Baba Buraima shi ne ya ɓare ledar, ya kankare gam, ya fito da katakon ya goge shi har ya koma kamar ranar da aka jera shi. Ba ya fizga. Yanka ledar yake yi siri-siri, ya ɗora dutsen guga a kan tsumma har gam ɗin ya saki jiki, sannan ya ɗaga a hankali, irin ɗagawar da ake yi wa shafin tsohon littafin da laima ta manne. Ƙarfensa kuma ba ya gitta wa jijiyar katako. Inda ta nufa, nan yake bi.

Duk ɗakin da ya shiga, maganarsa ta farko ɗaya ce. Zai durƙusa, ya ɗaga bakin ledar, ya shaƙi warin gam, ya girgiza kai.

"Wa ya aike ku?"

Har yau ba wanda ya ba shi amsar da ta gamsar da shi.

Akwai kuma buhunansa, waɗanda duk Hausawan Shumaisi suka sani. Ko'ina ya ji za a rushe tsohon gida, sai ya riga katafila isa, ya roƙi ma'aikata su bar shi ya ɓamɓare guntayen da ba su lalace ba. Ya kankare, ya ɗaure daki-daki da zare, gidan kaza daban, gidan kaza daban, ya jibge a ƙarƙashin gadonsa da bayan ƙofa har abokan kwanansa suka rasa inda za su ajiye takalmi. Ana tsokanarsa da cewa itacen girki yake tara wa matan garinsu, Mirriya. Shi kuwa burinsa bai ɓoye wa kowa ba: ranar da zai koma gida Damagaram, zai sa buhunan a kago, jirgin kaya, ya je ya jera wa kansa ɗaki guda. "Na yi rayuwata ina durƙusa wa katakon wasu," in ji shi. "Kafin in mutu sai na miƙe ƙafa bisa nawa."

Abin haushi, masu karatu, mutumin nan ya kusa gama zamansa a cikinmu ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce masa sannu da aiki. Mitarsa muka sani. Ita muke kwaikwayo a wurin biki muna dariya. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya faru a gidan Basiru, don waɗanda suka gani da idonsu suna nan da ransu, in an yi ƙari za su faɗa.

Basiru direba ne, mutumin Kano, yana aiki a gidan wani Balarabe da ake kira Abu Mish'al, wanda shi ne kafilinsa, wato takardar zamansa, iƙama, da sa hannunsa take rayuwa. Tun Basiru yana saurayi Abu Mish'al ya ba shi tsohon gidan mahaifinsa ya zauna, da sharaɗi guda: babban ɗakin nan majalisin marigayi ne, inda yake karɓar baƙi, a zauna a ciki, amma kada a taɓa daɓensa. Basiru ya ce to. Sai aka kawo masa amarya, Sabuwa. Ranar jere yana can kan hanyar garin Ɗa'if da iyalin ubangidansa, matan unguwa suka shiga ɗakin suka ga katako tsirara. Aka riƙe haɓa. Ɗakin amarya ba leda, sai ka ce ba ta da kowa? Nan da nan aka aika aka sayo mai jajayen furanni, kuma don a nuna an iya aiki aka kwarara mata gam daga bango zuwa bango. Da Basiru ya dawo ya ga furanni, sai ya haɗiye maganar. Tun daga ranar, duk sa'ad da kafilinsa ya biyo ta layin, a bakin ƙofa yake tare shi da fara'ar da ta wuce kima.

Ita kuwa Sabuwa, Allah ya yi ta da tsafta. Kullum safiya sai ta cika bokiti, ta kaɗa omo, ta kwara wa ledar, ta bi da tsintsiya, kamar yadda ta tashi ta ga ana yi wa simintin tsakar gidansu a Yakasai. Shekara da shekaru ruwa yana bin bakin ledar yana sulalewa ƙasa.

Ranar da abin ya zo, Basiru ya sami Baba Buraima a ƙofar masallaci yana neman takalminsa yana zagin wanda ya ture shi.

"Baba, na shiga uku."

"Kai kullum cikin uku kake. Mi ya samu?"

Basiru ya zayyana. Mahaifiyar Abu Mish'al ta tsufa, idonta ya yi rauni, ta ce kafin azumi a kawo ta ta zauna a majalisin mijinta. Iƙamar Basiru kuma a watan take ƙarewa. Abu Mish'al ba mugu ba ne, amma mutum ne da idan ya ce kada a yi, aka yi, ba ya dogon zance. Ya taɓa sallamar wani ma'aikacinsa zuwa ƙasarsu a kan abin da bai kai wannan ba. In ya buga wa Basiru takardar fita, to har da Sabuwa, har da Uwais da Khairat, yaran da a nan aka haife su, a nan suke makaranta, Hausarsu ma sai an bi ta da fassara.

Baba Buraima ya sami takalminsa, ya zura, ya ce, "Mu tahi in ga ɓarnar."

Ya shiga, ya durƙusa, ya ɗaga bakin ledar. Sabuwa tana tsaye a ƙofa da mayafi, ta riga ta san abin da zai fito.

"Wa ya aike ku?"

"Baba, al'ada ce fa."

"Al'ada! Ai na sani. Kanawa, ko da wace ɓarna ka zo an fi ka."

"To ku Damagarawa me kuka sani a kan ɗaki, ku da kuke kwana a kan yashi?"

"Yashi bai taɓa ruɓewa ba, ɗiyata. Zo ki gani."

Ta matso. Daga bakin ƙofa zuwa kamar taku biyu, katakon ya yi baƙi ƙirin, yana danna shi da yatsa yana lotsawa kamar dafaffen rogo. Basiru ya dafe kai. Baba Buraima ya rarrafa ciki, ya yanka nan, ya leƙa can, ya ƙwanƙwasa da bayan wuƙa yana saurare. Sauran yana da rai. Ya ce bakin ƙofar zai san yadda zai yi da shi, don ba shi da yawa. Amma da sharaɗi.

"Ruwa. Daga yau ruwa da ɗakin nan sun rabu. Alwala a waje. Shayi a waje. Ke, ko hawaye ya zo miki, ki fita tsakar gida ki zubar."

Sabuwa ta yi dariya ta ce ta ji.

Aka shiga aiki. Wanda bai ga Baba Buraima yana aiki ba, bai san iyakar haƙurin kansa ba. Yini guda, abin da zai buɗe bai fi shimfiɗar sallaya biyu ba. Ga zafi, ga shi ya hana kunna na'urar sanyi don tana ɗiga. Ga warin gam mai ƙonewa ya cika gida har ya shiga tuwo. Dutsen gugarsa ya mutu a tsakiyar aiki, ya karɓi na Sabuwa, sabo fil, ya mayar mata da shi kamar an soya kwalta a kai, ya kuma ce ba shi da nauyi. Basiru in ya dawo da yamma sai ya tsaya a ƙofa yana lissafin abin da ya rage da ido.

"Baba, yalla mana, a yi sauri. Akwai inji a shagon can na bakin titi, rabin yini ya share ɗakin nan."

"Je ka ɗauko. Shi narka gam ɗin shi tura shi cikin katako, sai ka kira kafilinka ka ce ga majalisin ubansa ya zama alewa."

"Azumi fa ya matso."

"Ni na matso da shi?"

A haka har aka ci fiye da rabin ɗakin. Katakon ya fara fitowa, ja-ja mai duhu kamar dabino, saƙarsa tana bayyana layi bayan layi. Har Basiru ya fara cin abinci da daɗi.

Sai wata La'asar Baba Buraima ya tafi masallaci, aka yi sallar gawa, ya bi aka kai maƙabarta. Sabuwa ta leƙa ɗakin. Ƙura, ɓarɓashin gam baƙi-baƙi, guntayen leda ko'ina. Ta tuna yadda rigar tsohon take fita kullum, gwiwa da hannu duk baƙi. Kunya ta kama ta. Dattijo sa'an ubanta yana rarrafe cikin ƙazanta a ɗakinta, tana zaune da lafiyarta? In matan unguwa suka ji, su ce wace irin tarbiyya aka yi mata? Ta ce a ranta ɗan kaɗan za ta sa, ta goge maza, kafin ya dawo ya bushe. Amma hannun da ya shekara goma sha yana kwara bokiti bai san kaɗan ba. Ta wanke wurin tas, ta tsane da tsumma, ta ja ƙofa, ranta fari.

Da safe Baba Buraima ya tura ƙofar. Tsakiyar ɗakin ya yi tozo. Guntayen sun sha ruwa sun kumbura, sun ture juna, sun tashi tsaye, wasu sun tsage gida biyu. Busasshen katakon da ya yi shekaru a lulluɓe, ba mai, ba kariya, ya zuƙe bokitin nan kamar mai buɗa baki.

Ya tsaya. Sabuwa tana bayansa tana jiran ya ce wa ya aike ta. Bai ce ba. Wannan shirun ya fi duk wata mita da ta taɓa ji ciwo. Ya ajiye jakarsa, ya zauna a dokin ƙofa, ya cire hularsa ya duba cikinta kamar amsar tana nan.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "mi katakon nan ya yi miki?"

Ta fashe da kuka. "Wallahi Baba, rigarka na gani. Na ga kana shiga cikin datti..."

"Rigata! Rigata ta kawo miki ƙara? Na ce da ke ina neman aure ne?" Ya nuna mata tsakar gida da hular. "Kuma mi na ce miki kan hawaye? Fita can ki zubar."

Basiru ya dawo da rana tsaka, ya gani, ya fita. Can sai ga shi da wani guntun abu a hannu, yana murmushin wanda ya samo mafita. Sabuwar leda ce da aka shigo da ita, mai zanen katako, har da jijiya.

"Baba, duba. Wallahi daga tsaye ba ka bambancewa. Mu danne wannan, mu shimfiɗa, mu sa kilishi a tsakiya. Tsohuwar ma ba ta gani sosai."

Baba Buraima ya karɓi guntun, ya juya shi gaba da baya.

"Leda. Na ɓare leda, in sa leda. Leda mai ƙaryar katako, bisa katako na gaskiya." Ya ajiye a ƙasa kamar mataccen ɓera. "Idonta ne ya mutu, Basiru. Ƙafa ba ta makancewa. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana taka ɗakin nan da tiren gahawa za ka ruɗa da zane?"

"To ya zan yi? Ka faɗa mini ya zan yi! In tattara yara in kai su inda ba su san kowa ba?"

Tsohon ya miƙe. Ya saɓi jakarsa ya fita. Sabuwa ta ce shi ke nan, ya yi zuciya, kuma da gaskiyarsa.

Bayan La'asar suka ji ƙarar motar ɗaukar kaya a ƙofar gida, da muryarsa yana faɗa da direban a kan ya taka birki da ƙarfi. Buhu aka fara saukewa. Wani buhun. Wani kuma. Sabuwa ta gane su tun kafin a kwance bakin na farko.

"A'a, Baba. A'a wallahi. Wannan ai ɗakinka ne."

"Ki yi mini shiru."

"Shekara nawa kana tarawa? Ni na yi ɓarnar, ba kai ba. Baban Uwais, ka yi magana mana!"

Basiru ya buɗe baki, Baba Buraima ya riga shi. "Kai ma yi mini shiru. Ku Kanawa ɓarna da surutu, ba ku bar wa kowa ba. Riƙe bakin buhun nan."

Ya zazzage su a tsakar gida, ya yi ta kwance ɗauri yana karawa da guntun da ya ciro daga majalisin, wannan ya yi fari, wannan ya yi kauri, wannan jijiyarsa ba ta yi ba. Ya dawo kan wasu manyan ɗaurruka da ya fi ji da su, waɗanda ya ce su ne na tsakiyar ɗakinsa na Mirriya. Ya kara. Kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannunsa. Sannan ya yi tsaki, ya ɗaura silifansa a gwiwa.

Ya cire duk wanda ya ruɓe da wanda ya tsage, ya bar ƙasan ya sha iska, ya shiga jerawa ɗaya bayan ɗaya, yana fere wannan, yana dannawa da tafin hannu, yana mita. Ramin ya yi ta cin ɗauri bayan ɗauri. Da ya gama ya goge, ya shafa mai, abin da ya rage a buhunan bai fi a ɗauka a hannu ɗaya ba.

Kai ne, Baba Buraima, ka ninke buhunan nan wayam ka ce wa Sabuwa ta ajiye ta riƙa zuba albasa. Kai ne da ta durƙusa za ta yi godiya ka ce ta tashi gwiwarta tana da danshi.

Ranar da aka kawo tsohuwar, Abu Mish'al yana riƙe da hannunta, Basiru yana gefe cikin farar jallabiya yana zufa. Baba Buraima ya zo karɓar ƙarfensa da ya manta, ko kuma haka ya ce. Ta cire takalmi a bakin ƙofa. Ta taka. Ta ƙara taku, tana jan tafin ƙafarta a hankali. Ta je har bango ta dawo tsakiya, ta tsaya.

"Can namu ne," ta ce da Larabci. "Nan ba namu ba ne."

Abu Mish'al ya juyo ya kalli Basiru. Basiru ya kalli ƙasa.

"Gaskiya ne, ya ummi," in ji Baba Buraima da Larabcinsa na kasuwa, wanda shekara talatin ba su gyara ba. "Naku ruwa ya ci. Leda aka sa, aka yi ta wankewa. Ni na cire, na sa wannan."

Basiru ya rufe ido. Daga baya ya ce a lokacin har ya hango filin jirgi.

"Daga ina ka samo?" ta tambaya.

"Gidan da ke bayan masallaci, mai koren ƙofa, da bishiyar magarya a ciki. An rushe shi. Kafinta ɗaya ya yi muku, na gane hannunsa."

Ta sake shafa wurin da ƙafa.

"Gidan Ummu Salih," ta ce. "A ɗakin nan nata na yi jegon wannan." Ta nuna ɗan nata da haɓa. Sai ta saki hannunsa, ta lallaɓa ta zauna daram a kan facin, ta ce a kawo mata gahawa.

Kada a ce Abu Mish'al ya yi murna, don bai yi ba. Ya ja Basiru waje ya yi masa faɗan da maƙwabta suka ji ta taga, ya tuna masa sharaɗin, ya tuna masa fara'ar bakin ƙofa. Sai muryar uwarsa ta fito daga ciki tana tambaya, shi da yake ɗaga murya, yaushe rabon da ya tako ya duba ɗakin ubansa? Faɗan ya mutu a nan. Kafin a ga wata, an sabunta iƙama. Uwais da Khairat suna nan, suna ci gaba da karya Hausa.

Bana gwiwoyin Baba Buraima suka ce sun gaji. Ya yanke shawarar komawa gida. Aka shirya masa walima a gidan Basiru, a cikin majalisin nan, maza a ciki, mata a tsakar gida, kowa da kofin shayinsa a hannu yana tsoron ɗiga. Matan unguwa kuwa sun daɗe suna shawara a ɓoye, Sabuwa ce kan gaba. Hujjarta mai ƙarfi ce, ba wadda ta iya ja: mun cinye masa katako, zai je ya tarar da siminti tsirara, ga sanyi, ga ciwon gwiwa. Dattijo kamar wannan a bar shi a ɗaki haka, sai ka ce ba shi da kowa?

Bayan an yi addu'a, sai ga maza biyu sun shigo da wani dogon abu a kafaɗa, an naɗe shi da takarda mai ƙyalli. Aka ajiye a gabansa. Ya yage bakin takardar.

Leda. Mai kauri, mai laushi, mai shuɗɗan furanni. Wadda ta fi kowace kyau a kasuwar.

Baba Buraima ya kalli ledar, ya kalli rufin ɗaki, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya juya wajen labule. "Sabuwa!"

"Na'am, Baba."

"Wa ya aike ku?"

"Ba wanda ya aike mu, Baba," ta ce. "Mu muka aiki kanmu."

Ya sa hannu ya shafa furannin, ya danna da babban yatsa ya ji kaurinta, irin dannawar da yake yi wa katako. Ya daɗe a haka. Waɗanda suke kusa sun ce ya goge ido da hannun riga, amma ya kawar da kai gefe, don kada ya ɗiga a daɓen.

"Allah shi yi muku albarka," ya ce. "Zan shimfiɗa. Amma duk wanda ya biyo ni Mirriya da gwangwanin gam, ban yafe ba."

Baba Buraima, na durƙushe mai tayar da na kwance, ga jinjinarmu, ko da ta zo a makare kamar yadda muka saba. Kai ne ka yi mana mita shekara talatin, ba mu taɓa lura da cewa ba ka taɓa barin ɗaki a rabin aiki ba. Kai ne aka miƙa wa ƙarya mai sauƙi ka ajiye ta a ƙasa, ka ɗauko ɗakinka na tsufa ka cike ramin da ba kai ka haƙa ba. 'Yan guntayen da suka rage maka, an ce ka sa su a jakar hannu, za ka jera a gaban gado, daidai inda ƙafa take sauka da asuba. Allah ya sa su ishe ka. Allah ya huta da gwiwoyinka, ya kai ka gida lafiya, ya saka maka da daɓen da ba ya ruɓewa. Mun gode. Sabuwa ta gode, Basiru ya gode, yaran ma sun gode da Larabci.

Mu kuma da muka rage, don Allah mu ji kunya. Akwai irinsa a kowane layi na Shumaisi da Nasim, suna rarrafe a ƙarƙashin rayuwarmu muna tsallake su. Mu gaishe su tun suna ji. Masu sana'a su koyi bin jijiya irin tasa, su koyi faɗin abin da ruwa ya ci ko da mai gida yana tsaye. Wanda kuma ya shiga sabon ɗaki da leda a kafaɗa, ya durƙusa tukuna ya duba abin da zai rufe, don mai ɓare mana ya tafi, buhunan ma albasa ce a ciki.